Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda St. Louis Ta Tashi Daga Ƙasan Teburi Ta Ɗauki Kofin Stanley

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan karo sun karkata ne ga wani wasa da ba a yin sa a ƙasarmu, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara, kuma kusan dukkansu daga Zariya suka fito. Da na bi diddigi, sai na gano cewa a wani gidan kallon ƙwallo da ke Sabon Gari abin ya samo asali. An bar talabijin a kan wata tashar wasanni kafin lokacin wasan Firimiya ya yi, aka hasko tarihin yadda ƙungiyar St. Louis Blues ta Amurka ta ci Kofin Stanley a shekarar 2019, daga nan gardama ta kaure tsakanin 'yan kallo, har ta biyo wasunsu gida. Na tsamo biyar daga cikin tambayoyin.

Tambaya daga wani tela a Tudun Wada: Malam, na kalli wasan nan kusan rabin sa'a, amma ban ga ƙwallon ba ko sau ɗaya. Mutane kawai nake gani suna sulu a kan ƙanƙara suna bangazar juna. Me suke bugawa, kuma ta yaya ake gane wanda ya ci?

Amsa: Ɗan'uwa, ba laifin idonka ba ne, domin abin da suke bugawa ba ƙwallo ba ne irin wanda muka saba da shi. Wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri. Na taɓa riƙe guda a hannuna a ofishin wani abokina da ya yi karatu a Kanada, wanda ya mayar da shi abin danne takardu don kada fanka ta watsar masa da su. Da na juya shi a tafin hannu, sai na ga bai wuce gwangwanin man goge takalmi ba, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, gefensa da ɗan kaushi-kaushi, amma nauyinsa, wanda ke kai wa giram 170, ya fi yadda ido ke zato. Kafin wasa ana ajiye irinsa a cikin firiza har ya daskare don kada ya riƙa tsalle a kan ƙanƙara, kuma idan mai ƙarfin dantse ya make shi da gora yana iya gudun da ya haura kilomita 150 a sa'a. Shawarata ga sabon mai kallo ita ce ya daina neman faifan, ya riƙa duban inda fuskokin 'yan wasa suka juya, domin can yake.

Filin yana da tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, an kewaye shi da katangar katako da gilashi. Kowane ɓangare na da mutum shida: mai tsaron raga, 'yan baya biyu da 'yan gaba uku. A ƙasan takalmansu akwai siririn ƙarfe kamar kaifin wuƙa, da shi suke sulu. Ana wasa ne zubi uku, kowane zubi minti 20, kuma ana tsayar da agogo duk lokacin da wasa ya tsaya. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika yin minti ɗaya cur a fili, sai ya tsallake katanga ya zauna wani ya shigo, ba tare da an nemi izinin alƙalin wasa ba. Bangazar da ka gani halal ce a dokarsu muddin wanda aka bangaje shi ne ke riƙe da faifan kuma an bi ƙa'ida. Wanda ya yi laifi kuwa ba kati ake ɗaga masa ba, ana kai shi wani ɗan akurki ne a gefen fili ya zauna na minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da giɓin mutum ɗaya. Idan dambe aka yi, minti 5 ne. Wanda ya fi zura faifan a ragar abokin karawarsa shi ya ci, don haka daga nan zan riƙa kiran sa ƙwallo kamar yadda bakinmu ya saba.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Samaru: Malam, an ce a watan Janairu ƙungiyar nan ita ce ta ƙarshe a duk gasar, amma a watan Yuni ta ɗauki kofi. Ni na ce wa abokaina wannan daidai yake da abin da Leicester ta yi a 2016, su kuma suka ce sa'a ce kawai. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ƙanena, da kai da abokanka duk kun kama wani yanki na gaskiya kun saki wani, amma bari mu fara da abin da ya faru.

Gasar da ake magana ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917. A kakar 2018 zuwa 2019 ƙungiyoyi 31 ne a cikinta daga Amurka da Kanada, kowace tana buga wasa 82. Cin wasa maki 2 ne, wanda aka doke a ƙarin lokaci yana samun maki 1, kuma babu canjaras. St. Louis, wadda ke jihar Missouri a bakin Kogin Mississippi, ta shiga gasar a 1967. Ta kai wasan ƙarshe sau uku a jere, a 1968 da 1969 da 1970, amma ko wasa ɗaya ba ta ci ba a cikin goma sha biyun da ta buga: Montreal ta share ta sau biyu, Boston ta share ta a karo na uku. Daga nan sai da ta yi shekara 49 ba ta sake leƙa wasan ƙarshe ba.

Abu na farko da ya raba ta da Leicester shi ne, ba a ɗauke ta a matsayin ƙaramar ƙungiya ba a farkon kaka. Manajanta Doug Armstrong ya yi cefane mai tsoka a bazarar 2018. Ya ɗauko Ryan O'Reilly daga Buffalo ranar 1 ga Yuli, ɗan wasan da ya fito fili ya ce yawan shan kashi a can ya sa ya fara rasa sha'awar wasan, ya kuma ƙaro David Perron da Tyler Bozak da Pat Maroon, wanda haifaffen St. Louis ne. Ga kuma Vladimir Tarasenko da kyaftin Alex Pietrangelo da suke nan tun da. Saboda haka zamanta a ƙasan teburi shi ne abin mamakin farko, kamar a ce an haɗa kayan miya masu kyau amma miya ta ƙi daɗi.

Ranar 19 ga Nuwamba aka sallami koci Mike Yeo bayan ya ci wasa 7 kacal a cikin 19, aka ba mataimakinsa Craig Berube riƙon ƙwarya. Berube tsohon ɗan wasa ne da ya buga wasa fiye da 1,000 a gasar, wanda aka fi sani da dambe, domin ya tara fiye da minti 3,000 na zaman akurkin horo. Masu son labari mai daɗi sukan ce da zuwansa komai ya gyaru, amma ba haka aka yi ba. Kwana biyar da kama aikinsa Winnipeg ta lallasa su da ci 8 da 4 a gidansu, mutum ɗaya, Patrik Laine, ya zura biyar. A Disamba 'yan wasansa biyu, Robert Bortuzzo da Zach Sanford, suka ba hamata iska a wurin atisaye a gaban kyamara. Safiyar 3 ga Janairun 2019 ta same su da maki 34 daga wasa 37, su ne na 31 a cikin 31. An ruwaito cewa Berube ya sa an cire allon da ke nuna teburin gasa daga ɗakin canza kaya, don kada 'yan wasa su riƙa karya kumallo da ganin sunansu a ƙasa.

Abin da ya juya lamarin, a ganina, mai tsaron raga ne. Jordan Binnington yana da shekara 25 a lokacin. Ƙungiyar ta ɗauke shi tun 2011, amma ta bar shi yana gararamba a ƙananan gasanni, har ta kai ga a kakar da ta gabata ta ba da aron sa ga Providence, wadda ita ce ƙaramar ƙungiyar renon 'yan wasa ta Boston. Ka riƙe wannan a ranka, zai dawo. Ranar 7 ga Janairu aka fara sa shi a raga tun daga farkon wasa, a Philadelphia, ya tare duk ƙwallaye 25 da aka auna masa, aka tashi 3 da nema. Daga 23 ga Janairu zuwa 19 ga Fabrairu ƙungiyar ta ci wasa 11 a jere, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta. Shi kansa Binnington ya gama kakar da nasara 24, an doke shi sau 5 a cikakken lokaci, sau 1 a ƙarin lokaci. Wani ɗan jarida ya taɓa tambayarsa ko gabansa na faɗuwa a wasannin da ake kusa da kusa, sai ya mayar masa da tambaya cewa shin ya ga alamar tsoro a fuskarsa, da ɗan jaridar ya ce a'a, sai ya ce to ga amsarka nan. A wannan wasa mai tsaron raga ya fi na ƙwallon ƙafa tasiri nesa ba kusa ba, domin ana auna masa ƙwallo wajen 30 a kowane wasa, kuma idan 'yan baya suka amince da wanda ke bayansu sai su daina ɗari-ɗari su matsa gaba. Haka aka yi. Salon da Berube ya ɗora su a kai ba na ƙawa ba ne: a jefa ƙwallo can ƙuryar gidan abokan karawa, a bi shi da gudu, a matse 'yan bayansu a jikin katanga har su gaji su yi kuskure.

A wasanni 45 da suka rage, sun ci 30, suka tara maki 65, suka gama da maki 99, na uku a rukuninsu, maki ɗaya tal tsakaninsu da Nashville da ta zo ta ɗaya. A nan ne bambanci na biyu da Leicester yake, kuma shi ne babba. Leicester sai da ta fi kowa maki a wasa 38, ta tara 81, kafin a ba ta kofi. St. Louis ba ta bukaci ta kamo kowa a teburi ba, abin da ake nema kawai shi ne ta shiga cikin ƙungiyoyi 16 da za su yi wasannin sili-ɗaya-ƙwale, inda ake share allo a fara sabon lissafi. Sannan a gasarsu ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni, kuma tun 2005 akwai dokar da ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, wanda a waccan kakar dala miliyan 79.5 ne. Wannan ya sa tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta ƙarshe ba ta kai wadda ke tsakanin attajiran Firimiya da talakawanta ba.

To sai dai kada abokanka su yi saurin tafi, domin wanda ya ce sa'a ce kawai bai san abin da ake sha a zagaye huɗun nan ba. A kowane zagaye ƙungiyoyi biyu ne za su yi ta karawa, kusan kwana ɗaya wasa kwana ɗaya hutu, har sai ɗaya ta ci wasa huɗu. St. Louis ta fitar da Winnipeg a wasa shida. Da Dallas kuwa sai da aka kai wasa na bakwai, ranar 7 ga Mayu, wanda ya faɗo a farkon azumin waccan shekarar. Ba na mantawa da shi domin a waya na bi shi, an fara wajen ƙarfe ɗaya na dare agogon Nijeriya, aka yi ƙarin lokaci na farko ba a ci ba, aka shiga na biyu, har uwargida ta ajiye mini kunun sahur ya huce ina riƙe da waya. Mai tsaron ragar Dallas, Ben Bishop, wanda shi ma a yankin St. Louis ya tashi, ya tare ƙwallaye 52, kafin Maroon ya tura wanda ya faɗo bayansa cikin raga, aka tashi 2 da 1.

A zagaye na uku, da San Jose, aka yi musu abin da zai iya karya lagon kowace ƙungiya. A ƙarin lokacin wasa na uku, Timo Meier ya tura ƙwallo da hannu ga abokin wasansa, abin da doka ta hana a wannan ɓangaren fili, Erik Karlsson ya zura, alƙalan wasa ba su gani ba, kuma dokar lokacin ba ta yarda a duba bidiyo a kan irin wannan ba. Maimakon su tsaya ƙorafi, sai suka ci wasanni ukun da suka biyo baya da 2 da 1, da 5 da nema, da 5 da 1. Bayan kakar aka faɗaɗa dokar duba bidiyo.

Wasan ƙarshe da Boston aka yi, wadda ta share su a 1970, kuma wadda ƙaramar ƙungiyarta ta ba Binnington masauki shekara guda kafin nan. Boston ta ci na farko. A na biyu Carl Gunnarsson, ɗan baya da ba a san shi da cin ƙwallo ba, ya zura a ƙarin lokaci, wanda shi ne karon farko a tarihi da St. Louis ta ci wasa a wannan mataki. Boston ta rama da 7 da 2 har aka cire Binnington daga raga, St. Louis ta ci biyu a jere, sannan a wasa na shida, a gidanta, kofi yana cikin ginin jama'a sun cika tituna, ta leƙo ta koma, aka doke ta 5 da 1. Ranar 12 ga Yuni, ranar da Nijeriya ta fara bikin Ranar Dimokuraɗiyya a sabon kwanan watanta, aka yi na bakwai a Boston. A zubin farko Boston ta auna raga sau 12 ba ta ci ba, St. Louis ta auna sau 4 ta ci biyu, na O'Reilly da na Pietrangelo, wanda ya shiga saura kimanin daƙiƙa 8 a tafi hutu. Brayden Schenn ya ƙara na uku, na huɗu kuma Sanford ne ya ci, wato ɗaya daga cikin waɗanda suka yi dambe a atisaye. An tashi 4 da 1, Binnington ya tare 32. O'Reilly, wanda ya yi wasa da tsagaggen haƙarƙari, ya ci ƙwallo a wasanni huɗu na ƙarshe a jere, aka ba shi kyautar Conn Smythe ta gwarzon wasannin.

Hukuncina shi ne, a wajen ban mamaki Leicester tana gaba, domin ita ba ta da 'yan wasan da ake tsammanin za su yi haka, kuma ba a share mata allo ba. Amma wasa 26 a cikin wata biyu, wanda aka ci 10 daga cikin 13 da aka buga a gidan abokan karawa, ba abin da sa'a ke iya ɗauka ita kaɗai ba ne.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kongo: Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne adalcin tsarin. An ce akwai ƙungiyar da ta fi St. Louis maki da nisa a wannan shekarar. Idan ɗalibi ya zo na ɗaya a duk jarrabawar shekara, yaya za a ba na goma kyauta?

Amsa: Malama, ƙungiyar da kike nufi ita ce Tampa Bay, kuma misalinki ya zauna. Ta ci wasa 62 a cikin 82, ta yi daidai da tarihin da Detroit ta kafa a kakar 1995 zuwa 1996, ta tara maki 128, wato ta fi St. Louis da maki 29. Da aka shiga zagayen farko, Columbus, wadda da ƙyar ta samu gurbi, ta doke ta sau huɗu a jere, aka gama da ita cikin mako guda. Akwai kyautar da ake ba wadda ta fi kowa maki, ana kiran ta Kofin Shugabanni, amma ba a yi mata gangami a titi, har wasu magoya baya suna camfa ta. Abin ya sake faruwa a 2023, lokacin da Boston ta ci wasa 65, ta tara maki 135, sannan Florida ta fitar da ita a zagayen farko.

Akwai dalilan da suka sa suke haka. A Firimiya kowace ƙungiya tana karawa da kowace sau biyu, gida da waje, don haka teburi ma'auni ne na gaskiya. A Amurka da Kanada nisa ya hana wannan, domin tsakanin Vancouver da Florida tafiyar sa'o'i ce masu yawa a jirgin sama, shi ya sa ƙungiya ta fi yawan karawa da maƙwabtanta. Wadda ta faɗa cikin rukuni mai rauni tana iya tara maki cikin sauƙi, kamar ɗaliban da ba takarda ɗaya aka ba su a jarrabawa ba. Ga kuma tarihi, domin tun asali kofin na ƙalubale ne, wanda ke riƙe da shi sai an zo an doke shi fuska da fuska. Batun kuɗi ma yana ciki, ba sai an ɓoye ba: idan ƙungiyoyi 16 na da rabo, birane 16 za su ci gaba da sayen tikiti mai tsada har bazara.

Mu ma ba baƙin wannan tsari ba ne. A 2012 Chelsea ta gama ta shida a Firimiya amma ta ɗauki Kofin Zakarun Turai, kuma ban ji magoya bayanta na Zariya sun ce a mayar ba. Inda na tsaya tare da ke shi ne, idan ana neman ƙungiyar da ta fi kowa iya wasa daga Oktoba zuwa Afrilu a waccan kakar, Tampa Bay ce, babu tantama. Abin da wasannin bakwai-bakwai ke aunawa daban ne: idan abokin karawa ya zauna ya karance ka, ya gano inda kake da rauni, ya yi ta dukan wurin dare bayan dare, shin kana da wata dabara ta biyu? Tampa Bay ba ta da ita a 2019. Ta koma ta ƙaro 'yan wasa masu jure gwagwarmaya, ta ɗauki kofin a 2020 da 2021, kuma a cikin waɗanda ta ɗauko har da Pat Maroon na St. Louis, wanda da haka ya ci kofin sau uku a jere.

Tambaya daga wani ɗan sakandare a Ƙofar Doka: Baba, da gaske ne ba a bar wa ƙungiyar da ta ci kofin ya zama nata?

Amsa: Da gaske ne, ɗana. Ba a ƙera sabo kowace shekara, guda ɗin ne ke zagayawa. Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, shi ya ba da kyautar ƙwaryar azurfa ta asali a 1892, aka fara ba da ita a 1893. A hankali aka yi ta ƙara mata gindi, har yanzu tsayin kofin ya kai kimanin santimita 89, nauyinsa kilo 15 da rabi. A jikin zobban gindin ake sassaƙa sunayen 'yan wasa da masu horarwa da shugabannin ƙungiyar da ta ci, kuma idan zobe na ƙasa ya cika sai a cire mafi tsufa a kai shi gidan tarihin wasan da ke Toronto, a sa sabo. Kyaftin ake fara miƙa wa, ya ɗaga ya zagaya fili, sannan ya miƙa wa wanda yake ganin ya fi cancanta. A lokacin hutu kowane ɗan wasa yana samun kwana ɗaya da kofin, ya kai shi garinsu, tare da wani ma'aikaci mai farar safar hannu da ke rakiyarsa duk inda za shi. Montreal Canadiens ce ta fi kowa ɗaukar sa, sau 24, na ƙarshe a 1993.

Tambaya daga wata Hajiya a Gyallesu: Malam, jikokina sun dame ni da labarin wasan nan. Shin akwai ɗan Nijeriya ko Musulmi da ya taɓa yin sa, ko kuwa na Turawa ne zalla?

Amsa: Hajiya, ki shaida wa jikokinki cewa mutum na farko da aka haifa a Nijeriya da ya buga gasar NHL, a nan Zariya aka haife shi. Sunansa Rumun Ndur, an haife shi a 1975, iyayensa suka koma Kanada da shi yana ƙarami, ya tashi a jihar Ontario. Ɗan baya ne, Buffalo ta ɗauke shi a 1994, ya kuma buga wa New York Rangers da Atlanta, daga baya kuma ya yi wasa a Turai. Bayansa akwai Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene a 1989, ya buga wa Calgary 'yan wasanni.

Wanda ya fi shahara a cikin masu jinin Nijeriya shi ne Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa Bayarabe ne. Ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary, ya ci ƙwallaye 625 a gasar, ya ci wa Kanada lambar zinare a wasannin Olamfik na 2002 da 2010. Kofin Stanley ne bai zo hannunsa ba, domin a 2004 ya kai wasa na bakwai na ƙarshe, Tampa Bay ta doke su 2 da 1.

A ɓangaren Musulmi kuwa akwai Nazem Kadri, ɗan Kanada mai asali daga Labanan, wanda ya ɗauki kofin tare da Colorado a 2022, kuma shi ake ambata a matsayin Musulmi na farko da ya yi haka. An yi masa tiyata a babban yatsan hannu ana tsakiyar wasannin, ya dawo a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe ya ci ƙwallon da ta raba gardama a ƙarin lokaci. Da ranarsa ta riƙe kofin ta zo a watan Agusta, sai ya fara kai shi masallacin garinsu, London ta jihar Ontario, ba Landan ta Ingila ba.

Idan jikokin suka ce su ma za su gwada, ki ce musu sanyin hunturun Zariya, duk da yadda yake fasa leɓe da kaushin ƙafa, bai kai ya daskarar da ruwan Kubanni ba. Filin ƙanƙara sai da injinan sanyaya da ke aiki dare da rana ba tare da wuta ta ɗauke ba, shi ya sa a nahiyarmu wasan bai wuce wurare kaɗan ba, irin su Afirka ta Kudu da wani fili da ke cikin otal a Nairobi, inda 'yan Kenya ke atisaye. Ƙwallon gora na kan ciyawa dai ana yin sa a Nijeriya, kuma riƙon gorar da buga ƙwallo da ita suna iya farawa daga nan.